Baffa Magini da Kududdufin da Muka Cike

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, muka kai shi makwancinsa bayan Azahar. Zafin ranar ya kai masu haƙa kabari suna karɓa-karɓa, mutum ya yi sara kaɗan ya miƙa wa na kusa da shi diga. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fara zaman makoki.

Na sha zaman makoki a garin nan na Daura, na san yadda ake yi. Duk wanda ya mutu mai haƙuri ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. Na Baffa bai tafi haka ba. Mai unguwa, bayan ya shafa fatiha, ya ce tsakaninsa da Allah babu wanda ya wahalar da shi a unguwar nan kamar marigayi, bai taɓa barinsa ya shiga damina da kwanciyar hankali ba, amma yanzu da ya tafi bai san wanda zai riƙa wahalar da shi ba, kuma wannan ne abin tsoron. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wasu suka sunkuyar da kai.

Tsofaffin leburorinsa sun zo, su uku da suka rage, suka zauna can gefe suna kallon katangar zaurenmu, wadda da hannunsu suka yaɓe ta. Samarin da suka laƙaba masa Sarkin Kwata su ma sun zo, suna ta sinne kai. Daga cikin gida aka aiko mini cewa wata tsohuwa daga gangare, wato ƙasan unguwarmu inda ruwa ke taruwa, ta ƙi zama ta ƙi tafiya, tana tsaye a tsakar gida tana tambayar mata wa zai riƙa zuwa yana duba mata gindin ɗaki. Mahaifina kuwa amin kawai yake amsawa, ita ma a leɓe.

Zuwa ranar uku hirar ƙofar gida ta koma kan tsadar taki da siyasa. Ban ga laifin kowa ba, haka rayuwa take. Amma a nan na ji tsoron nan da daminar baɗi Baffa zai zama wani tsoho mai faɗa da aka taɓa yi. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni da nake da hannu a abin da ya fi ɓata masa rai a duniya.

Baffa magini ne, maginin ƙasa. A wurin kakanmu ya koya, tun ana cura tubali da hannu ana ɗora azara. Ni malamin firamare ne, kuma tun ranar da na fara koyarwa yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Dogo ne siriri, kullum akwai busasshen laka a gefen farcensa, ko ranar salla. Idan ya shigo gidanka, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa yana gindin katanga. Yakan ƙwanƙwasa bango da sandarsa ya kara kunne, kamar mai sayen tukunya. Tambayarsa ɗaya ce a ko'ina: ruwan gidan nan ta ina yake fita, kuma idan ya fita gidan wa yake nufa? Sau da yawa amsar da yake samu ita ce, "To Baba, ina ruwanka?" Ba ya fushi da wannan. Sai ya ce ai maganar ruwan yake yi.

Tun kafin mu fara jin kalmar sauyin yanayi a rediyo Baffa yake cewa damina ta canza hali. Ya ce a ƙuruciyarsu ruwa yakan zo a tsanake, yau kaɗan jibi kaɗan, ƙasa ta sha ta huta. Yanzu sai sama ta ɗauke mako uku har gero ya fara naɗe ganye, sannan rana ɗaya ta juye na wata guda a yini ɗaya. Ya ce ginin da aka yi wa wancan ruwan ba zai iya da wannan ba, kuma garin ma ba wancan garin ba ne, an daɓe ko'ina da siminti, ruwa ba shi da inda zai nutse.

Saboda haka duk shekara, da zarar an ga hadarin farko ta gabas, sai ya fara zagayensa. Ya sa a yashe kwata, a buɗe rariyar kowane gida, a gyara indararo. Ya sa mata su ɗora buhunan hatsi a kan duwatsu ko benci. Irin shuka kuwa ya ce a raba shi biyu, kada a zuba shi duka a ƙasa da ruwan farko, don ruwan farko ya sha yaudarar mutane. Takardun gida da na makarantar yara a ƙulle su a leda a rataye a sama. Kowane gida a gangare ya faɗa musu inda za su nufa idan ruwa ya shigo, makarantar da nake koyarwa, don tana kan tudu, ya kuma faɗa musu wanda zai ɗauki tsoho da wanda zai ɗauki jariri. Babu wanda ya naɗa shi. Mutane sun gaji da shi ƙwarai. Akwai matan da in suka ji sallamarsa sai su ce maigidan ba ya nan, alhali yana ɗaki.

Ba zan ɓoye ba, Baffa ba shi da daɗin baki. Bai iya lallashi ba. Zai tsaya a gaban baƙinka ya ce maka ginin nan naka na banza ne. 'Ya'yansa maza biyu duk sun bar masa sana'ar, ɗaya yana Kano ɗaya yana tuƙin mota zuwa Katsina, kuma zafin harshensa yana cikin dalili. Ya daɗe yana ƙin siminti, yana cewa yaudara ce, sai daga baya ya yarda cewa harsashin bulo ya fi jure ruwa, ya koma yana sa mutane su yi layi uku na bulo a ƙasa kafin su ɗora ƙasa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Kawai ya canza.

A bayan gidanmu akwai wani kududdufi. Kakanninmu ne suka haƙa shi, daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina rabin unguwar. Da damina yakan cika, ruwan lunguna uku a nan yake zubewa. Da rani kuwa juji ne, ga wari ga sauro. Da aka raba gadon kakanmu, gefen ya faɗo a rabon mahaifina. Mahaifina ɗan kasuwa ne, yana harkar dabbobi, ya ga gari yana buɗewa, an shimfiɗa titi ta bayanmu, sai ya yanke shawarar cike ramin ya yi shaguna. Ni ne na fi kowa zuga shi. Ni na yi zirga-zirgar takardu, ni na tsaya ina nuna wa direbobin tifa inda za su juye ƙasa. A ganina a lokacin ci gaba muke kawowa, muna kashe sauro, muna samar wa samari wurin sana'a.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ko'ina ka zauna maganarta ake yi. Baffa ya zo zaure ranar da tifa ta farko ta sauke, ya tarar da ni da mahaifina. Bai zauna ba. Ya ce wa ƙanensa ruwan da ke shiga ramin nan ba zai fasa zuwa ba don an yi shago, gangare zai nufa, kuma gidajen gangare na ƙasa ne, shi ya gina yawancinsu, ya san ƙarfinsu. Mahaifina ya ce filinsa ne, da takardarsa.

"Yaya, gadona ne. Ban taɓa naka ba."

"Naka ne, ban musa ba," in ji Baffa. "Amma kuna ta murna an kawo shari'a. Kuna tsammani a kan mashaya kawai ta sauka? Wanda ya juya ruwansa ya rusa ɗakin maƙwabcinsa, me sunansa?"

Na sa baki na ce za a bar hanyar ruwa, an riga an yi magana da mai aikin. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai yara kake koya wa. Bar ni da ubanka."

Ya kai maganar wurin mai unguwa, ba a daidaita ba. Daga nan ya yi abin da dangi ba su taɓa yafe masa ba har ya mutu: ya kai ƙanensa gaban alƙali. Uwa ɗaya uba ɗaya. Na tuna yadda muka zauna a benci ɗaya a kotun, shi a wancan ƙarshen mu a wannan, mutane na leƙowa. Alƙali ya saurari kowa da haƙuri, ya duba takardu, ya ce fili na mahaifina ne, ba za a hana shi gini ba, amma wajibi ne ya bar wa ruwa mafita don kada ya cutar da maƙwabta. Muka bar mafita, wani siririn lambatu da bai fi taku ɗaya ba. Baffa ya zo ya tsaya a kansa, ya auna shi da ƙafarsa, ya juya ya tafi.

Tun suna yara shi da mahaifina kwano ɗaya suke ci a zaure, har bayan kowa ya yi iyali. Daga ranar kotu aka fara fito da kwano biyu. Suna gaisawa, suna sallah a sahu ɗaya, amma shi ke nan. Damina biyu suka wuce lafiya, ruwa ya ɗan taru ya janye. Shaguna suka cika da masu ɗinki da masu cajin waya. Ni har nakan yi wa Baffa kallon tausayi.

A damina ta uku aka yi fari a tsakiyarta. Har an fita roƙon ruwa. Ranar da ya zo, bayan Azahar ne, ina aji. Sama ta yi baƙi har yara suka daina ganin allo, sannan ta saki. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin La'asar filin makaranta ya zama tafki, sai na hango mutane suna hawowa daga gangare, mata da goyo, maza da tsofaffi a baya, wasu da ƙullin leda a ka. Baffa ne ya koro su. An ce tun ruwan bai kai idon sawu ba ya bi gida-gida yana dukan ƙofa da sanda, yana cewa a fita, a bar kaya. A lokacin ya haura sittin da biyar. Na buɗe musu azuzuwa. Shi ne na ƙarshen shigowa, rigarsa ta manne a jiki, takalmi ɗaya ya tafi, yana ƙirga mutane da ido. Sai ya tambaya ina tela da mahaifiyarsa.

Telan nan maƙwabcinmu ne ta gangare, kuma yana cikin masu yi wa Baffa rashin kunya. Kwana kaɗan kafin ruwan Baffa ya ce masa ya mayar da tsohuwarsa ɗakin gaba, don bangon ɗakinta ya jiƙe daga ƙasa, tela ya ce masa ya je ya ji da kotunsa. Tsohuwar ba ta iya tafiya. Ranar, tela yana kasuwa, matarsa ta fito da yara ta koma ɗauko ta, kafin ta isa bangon ya zauna. Da ruwa ya tsagaita muka tono ta. Ɗakuna da yawa sun faɗi a gangare ranar, amma rai ɗaya aka rasa, ita.

Da na koma gida na bi ta bayan shagunan. Lambatun namu ya toshe da leda tun farkon ruwan. Ruwan lunguna uku ya zo ya tarar da bango, ya yi kwana ya gangara, ga sawunsa nan a fili, ko yaro zai gane.

Mahaifina ya shiga ɗaki bayan jana'izar tsohuwar, ya kwana biyu bai fito ko masallaci ba. Ba wanda ya zo ya zarge shi, kuma ina jin da an zo da ya fi masa sauƙi. Dukanmu muna jiran Baffa ya zo ya faɗi abin da yake da haƙƙin faɗa. A rana ta uku da rana ya shigo sashenmu, karon farko cikin shekara uku. Ya ce wa mahaifiyata ta ba shi abincin ƙanensa. Ya ɗauki kwanon da kansa ya shiga ɗakin, ni ina bakin ƙofa. Ya zauna, ya buɗe, ya wanke hannu, ya fara ci. Can ya ce, "Sa hannu mana, zai huce." Mahaifina ya fashe da kuka irin na manya, wanda ba ya fita sosai. Baffa bai rarrashe shi ba, ya ci gaba da cin tuwonsa. Da ya gama ya ce gobe a nemo diga da shebur, shago biyu na tsakiya za su tafi.

Haka aka yi. Mahaifina da hannunsa ya fara fasa bangon. Aka buɗe hanya mai faɗi, aka sake haƙa wani ɓangare na ramin. Bai dawo kamar da ba, amma ya rage. Da kaka Baffa ya tara leburorinsa ya sake gina wa tela ɗakuna biyu, da harsashin bulo, bai karɓi komai ba. Tela ya zo zai durƙusa ya ba shi haƙuri, Baffa ya ce ya tashi ya miƙo masa ƙasa, rana tana yi. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce ai na faɗa muku ba. Ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace.

Da labari ne na ƙirƙira, da a nan zan ce unguwa ta ɗauki darasi. An ɗauka, na shekara biyu. Gayyar yashe kwata ta cika maƙil, har da masu shaguna. An kawo wa mutanen gangare tallafin shinkafa da tabarmi. Wata ƙungiya ta shirya taron bita a kan shirin tunkarar ambaliya, aka gayyaci Baffa, ni na raka shi. Ya zauna yini biyu a kujerar roba, rabin bayanin da Turanci, ina fassara masa a kunne. Yawancin abin da suka faɗa ya ce gaskiya ne, abin da yake faɗa ne, sai dai su suna da hotuna. Da aka ba da damar tambaya ya miƙe ya ce shi tambayarsa ɗaya: kududdufan da suka rage a gari, wa zai hana a cike su? Aka tafa masa. Wata matashiya mai kirki ta rubuta a takarda ta ce za a isar. Aka ba shi riga mai rubutu da hula, aka sa shi a kwamiti. Rigar kuwa, Inna, matarsa, ta mayar da ita abin tace koko.

Bayan nan a gaban idonsa aka cike kududdufin bayan kasuwa, aka cike na hanyar makarantarmu. Kowanne sai ya je, ya tsaya, ya yi magana, a ce masa an ji, Baba. Masu zuwa gayya suka ragu daga masu cika lungu zuwa mutum goma, daga goma zuwa biyar. Leda kuwa kullum ƙaruwa take, a yashe yau, jibi ta dawo. Gonarmu ta wajen Zango ita ma ta ƙara masa nauyi, shekara uku a jere sai an yi shuka biyu, wata shekarar uku, irin da ya ɓoye shi ne ya riƙa fitar da mu da maƙwabtan gona. A shekarunsa na ƙarshe gwiwa ta hana shi sunkuyo. Sai ya sa a kai masa kujera bakin kwata, ya zauna yana nuni da sanda, mahaifina da tsufansa yana cikin laka. Wani lokacin su biyu ne kawai, sai ni in an tashi daga makaranta. Faɗansa ma ya ragu. Yakan dubi sabon gini a kan hanyar ruwa ya girgiza kai ya wuce, abin da da ba zai taɓa yi ba. Na ɗauka sanyin tsufa ne.

Bayan addu'ar bakwai na shiga gaida Inna a ɗakin takabarta. Tana zaune a tabarma, carbi a hannu, ta rame. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, na ce mata ina so in rubuta wani abu a kan Baffa, jarumtarsa da yadda bai taɓa gajiya ba. Ta dube ni ta ce in zan rubuta in rubuta gaskiya, don mijinta ya gaji tun tuni.

Ta ce tun shekarar tsohuwar tela, duk ranar da hadari ya haɗu Baffa ba ya iya cin abinci. Sai ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana kallon sama, yana lissafa gidaje da sunan masu su, wane bangonsa ya tsage, wance ba ta da mai ɗaukarta. Ya sha ce mata da ya wuce gidan tela da farko maimakon ƙarshe, da tsohuwar tana nan. Mu muna ganin laifinmu ne, ashe shi ma ya ɗora wa kansa. Ta ce sau biyu yana rantsuwa ya daina, ya bar kowa da gidansa, amma da an yi tsawa sai ta ga yana laluben sandarsa. Manomi ne, yana son ruwa kamar kowa, yana fita roƙonsa, kuma in ya zo yana tsoronsa. Bai yarda ta faɗa wa kowa ba, ko ƙanensa.

Na ce mata Allah Ya ba shi ladan wahalarsa. Ta ce amin, ta ja carbinta, sannan ta ce:

"Ni abin da ke sanyaya mini rai, ɗan nan, bana ne zai yi damina ta farko yana kwance, ba ya jin tsoron komai."

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yafe masa zafin harshensa, Ka yafe mana abin da muka ɗora masa. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba shi hutun da bai samu a wurinmu ba. Mu da muka rage Ka ba mu ruwa mai albarka, Ka ba mu kunnen da za mu ji in an faɗa mana. Amin.